Dangwalen Hajo Dillaliya

Duk wanda ya zauna Jibiya a shekarun da kuɗin man fetur suka yi wa ƙasar nan ambaliya, in ya ce bai san Hajo dillaliya ba, to bai taɓa leƙa tasha ba ke nan. Gajeruwar mace ce, baƙa, mai ɗan kauri, kullum da ƙunshin kaya a ka, tana sauri kamar wadda aka aika ɗebo wuta. Zama kuwa ba ta iya shi ba. Ko a gidan suna aka shimfiɗa mata tabarma, gefe ɗaya take ɗosanawa, idonta na kan ƙofa, kafin a kawo ruwa ta fara laluben takalmi. 'Yan kamasho suna tsokanarta da cewa ba ta wuni inda ta karya kumallo, ita kuwa sai ta yi musu daƙuwa ta wuce.

Haifaffiyar Kusa ce, aure ya kawo ta Jibiya. Mijinta Abdu direban babbar mota ne a wajen Alhaji Uwaisu mai motoci, wanda ke jigilar kaya tsakanin Katsina da Jibiya da Maraɗi. Shekarar babban fari motar ta kife da Abdu can bayan Ɗan Isa, cikin ƙasar Nijar, da lodin hatsi a kanta. Alhaji Uwaisu bai aiki kowa ba. Da kansa ya tsallaka iyaka, ya yi ta fama da takardu har ya karɓo gawar, ya kawo ta gida aka yi jana'iza kafin la'asar. Da Hajo ta fita takaba, ya tara direbobinsa ya gaya musu cewa daga ranar duk motarsa da Hajo ta tsayar, kujerar gaba tata ce, ita da kayanta, kuma wanda ya miƙa mata hannu don kuɗin mota ya ajiye makulli. Wannan abu Hajo ba ta taɓa mantawa da shi ba, kuma shi ne mafarin dillancinta.

Lokacin naira na da haƙora. In ka shiga kasuwar Maraɗi da ita, 'yan kasuwa har miƙewa suke yi su ba ka kujera. Hajo takan tafi da kwanukan samira da sabulu, ta dawo da atamfa da turare da sarƙoƙi. Ma'aikatan duwan na can da na kwastan na nan duk ta san su da suna, ta san wanda matarsa ta haihu da wanda ciwon haƙori ke damu. Daga Jibiya kuma sai ta bazu cikin gidajen kulle, na cikin gari da na Gangara da Kusa da Bugaje, inda mata ba su fita kasuwa sai kasuwa ta zo musu a kan Hajo.

Amma jarinta na gaske ba a ƙunshin yake ba, a bakinta yake. Maganarta ɗaya ce. Uwa in za ta ba da ɗiyarta gidan da ba ta sani ba, Hajo take tambaya halin mutanen gidan, kuma abin da Hajo ta faɗa shi ke nan, ko da gidan masu sayen kayanta ne. Maigidan da ko gwaggon matarsa ba ya son ta daɗe masa a gida, Hajo in ta yi sallama sai ya ɗage ƙafa ta wuce. Mata biyu na musu, ɗaya ta ce "Hajo ta ce", to musu ya mutu. Da wannan take ci, da shi ta aurar da 'ya'yanta biyu, kuma ta fi kowa sanin cewa ranar da bakin nan ya zama biyu, ƙunshinta bai fi na kowace dillaliya ba.

Ana nan, ƙarshen daminar 1978, soja suka ce sun buɗe fagen siyasa. Wayyo Jibiya! Garin da tun asali ba ya rasa hayaniya, sai ga lasifika a kan kowace akori-kura, tutoci a kan kowace rumfa, mai shayi ma ya zama masanin tsarin mulki. Ni dai ba zan kama sunan jam'iyya ba, don har gobe akwai masu jin zafin abin a garin nan, kuma ina son in ci gaba da shiga kasuwar Lahadi lafiya. Mu ce ɗaya alamarta tulu ce, ɗaya kuma garma.

Alhaji Uwaisu ya shiga ta tulu, aka ba shi shugabancinta na yankin. Shiga tasa kuwa ta zama shigar rabin gari. Direbobi, 'yan kamasho, masu faci, 'yan dako, manoman da motocinsa ke kwaso wa gyaɗa, duk suka bi. Ba wanda ya tsaya tambayar me jam'iyyar ta ce za ta yi. A tasha an sha yin gardama a kan haka. Malam Lawwali, wani tsohon malamin firamare mai yawo a kan Besfa, wanda aka ba sakataren jam'iyya don shi ya iya rubutu, yakan ce jam'iyya manufa ce, mutum mai wucewa ne. Direbobi su yi masa dariya, su ce ya taɓa ganin mota ta kai Maraɗi da manufa ba direba? Jam'iyya ai Alhaji ce, in ya yi gabas ta yi gabas.

Sai dai akwai inda ƙafar Alhaji ba ta kai. A wannan karon aka ce mata ma za su fito babban zaɓe, abin da ba a saba ba, kuma ƙuri'ar mace daidai take da ta mijinta. Ga mata nan jingim a bayan katanga, ba su zuwa taro, ba su ga tuta ba, Alhaji kansa da yawansu sunansa kawai suke ji. Takardar ƙuri'a kuma ba hoton mutum a kanta, alamomi ne a jere, ka shafa tawada a babban yatsa ka dangwala kusa da wadda kake so. Wa zai shiga ya koya musu?

Ranar wata Litinin Alhaji ya sa aka tsayar da Hajo a tasha, ta zo ta durƙusa ta gaishe shi.

"Hajo, maza na hannuna," in ji shi. "Mata kuwa, in ba ke ba, ban ga mai kai mini su ba."

"Ranka ya daɗe, an gama," ta ce.

Ko minti ɗaya ba ta yi tunani ba, kuma wallahi ko ni ne a matsayinta ba zan yi ba.

Malam Lawwali ya ba ta samfurin takardar ƙuri'a, dami guda. Ta samo gwangwanin man shafawa, ta kankaro baƙin tukunya ta kwaɓa da man gyaɗa, shi ne tawadarta. Duk gidan da ta shiga, in an gama cinikin atamfa, sai ta baje takarda a kan faifai, ta tara matan gidan, ta kama yatsan kowacce da hannunta ta dangwala mata a gefen tulu. Sau uku. Sannan ta juya takardar ƙasa ta koma sama, ta ce a nemo tulun. Wadda ta ɓata ta sake. Tsofaffi masu hakiya sai ta sa su ƙirga da yatsa daga sama har su iso wurin. Akwai wata tsohuwa a Bugaje da ta dage sai dai ta dangwala da ɗan ali, wai babban yatsanta na kaɗi ne, Hajo ta koma mata har sau huɗu. Tun daga kaka har bazara ta yi zafi Hajo na kan wannan, gida gida, ƙauye ƙauye, yatsunta sun yi baƙi har sabulu ya gaji.

Wajen tsakiyar rani labari ya zo ofishin jam'iyya cewa a wasu garuruwa 'yan adawa na bin gidaje suna ruɗin mata, suna cewa an sauya alama, yanzu wuri kaza ake dangwalawa. Alhaji ya ce a gaya wa Hajo ta toshe wannan ƙofa. Ita kuwa in ta toshe ƙofa ba ta barin ko kafar allura. Ta sake zagaye gidajen nan kaf, tana gaya wa mata cewa akwai maƙaryata da za su zo gab da zaɓe su ce an sauya. Duk wanda ya zo da wannan magana, ko wane ne shi, ko da rantsuwa ya zo, an saye shi ne, a ba shi ruwa ya sha ya kama gabansa. Tulu ne yau, tulu ne gobe, tulu ne ranar zaɓe.

A Gangara akwai wani babban gida mai sassa goma sha, na manoma, wanda wata dattijuwa Rabi'a ke riƙe da matansa. Mace ce mai ƙarancin magana, ta girmi Hajo da shekara goma ko fiye, Hajo na kiranta Yaya. Abin da Rabi'a ta ɗauka, matan unguwar gaba ɗaya sun ɗauka. Ranar da Hajo ta kawo wannan gargaɗi, Rabi'a ta sa ta maimaita a gaban surukanta, sannan ta tambaye ta ko ta tabbata, don ita ba ta son ta sa yaran mutane a hanya a wayi gari a ce su juyo. Hajo ta dafa ƙirji ta ce ta tabbata. Rabi'a ta ce to shi ke nan, sun riƙe.

Saura wata biyu zaɓe, manyan jam'iyya suka zauna a Kaduna, don lokacin Kaduna ce babban birnin jiharmu, suka fitar da sunayen 'yan takara. Kowa a Jibiya ya san kujerar majalisar jiha ta Alhaji Uwaisu ce. Sai ga takarda ta iso da sunan Malam Lawwali! Wai doka na son mai ilmin boko, wai Alhaji ya ci gaba da riƙe jam'iyya a gida, ya fi amfani a nan. Wasu suka ce ba doka ba ce, wani babba ne a can yake jin tsoron ƙarfin Alhaji. Ko ma mene ne, Alhaji ya ji an ci masa fuska a gaban garinsu. Kwana uku bai fito ba. A na huɗu mutanen garma suka zo masa da motoci bakwai, suka ce in tulu ba ta san darajarsa ba su sun sani, kuma ga takara. Ya karɓa.

Abin da direbobi suka faɗa ya tabbata. Cikin mako guda ofishin tulu ya zama kango. Mutane suka tafi, bencina suka bi su, don na Alhaji ne, lasifika ta bi, har randar ruwan ƙofa aka ɗauke. Aka bar Malam Lawwali da teburi ɗaya da allon suna da Besfarsa. In ya wuce tasha sai a tambaye shi ina manufa, ta karya kumallo kuwa? Tutocin rumfuna duk suka koma garma.

Hajo tana Maraɗi aka yi wannan. A kan hanyar dawowa, a shingen iyaka, direba ya ba ta labari yana dariya, yana cewa yanzu kowa ya koma garma. Ita ba ta yi dariya ba. Tun kafin a ɗage sandar shinge ta gane abin da ke jiranta.

Alhaji ya kira ta washegari. Bai yi dogon bayani ba, ya ce ta ga abin da ya faru, yanzu sai ta koma ta juyo masa matan nan.  Hajo ta tuna masa cewa shi ya sa ta gaya musu duk mai cewa an sauya maƙaryaci ne.

"Ai wancan don 'yan adawa ne," ya ce. "Ke kuwa sun san ki. Mi zai hana su yarda da ke?"

Haka manya suke. Shi a ganinsa juya mutane kamar juya mota ne a fili, a murza sitiyari kawai. Hajo ta so ta ce masa a'a, Allah ya sani ta so. Amma ta dubi mutumin nan, ta tuna wanda ya sauko da Abdu daga bayan mota da hannunsa. Ta karɓi sabbin takardu ta fita.

Aikin wata bakwai ne za ta warware cikin mako bakwai, ga damina ta sauka. Hanyoyi suka caɓe, gulbi ya kawo, mota ta kai ta inda za ta iya ta sauke ta, sauran ta taka da ƙafa, zane a ɗage, takardu a cikin leda a ƙarƙashin ɗankwali. Dillanci ma ta ajiye shi. Ta rame, muryarta ta dushe. In ta kwanta gidajen da ba ta kai ba take lissafawa, in ta tashi sallar asuba ba ta tsayawa lazimi.

Kuma ba tafiyar ce ta fi cin ta ba, shiga gidan ce. Ta yi sallama, a yi mata maraba kamar kullum, ta baje takarda a kan faifai, ta ce yanzu garma za a dangwala, don Alhaji ya koma can.  Ba mai yi mata musu, wa zai yi wa Hajo musu? Sukan miƙo yatsa ta kama ta dangwala, su ce to. Amma ta san irin wannan "to", ita ce wadda mace ke ce wa mai tallan da ba za ta saya ba. Wasu ma suna kawo mata ruwa tun ba ta nema ba, ta sha tana jin kunya kamar ƙasa ta tsage.

Gangara ta bari sai ƙarshe, don tsoro. Da ta je, Rabi'a ta saurare ta har ta gama, da labarin Kaduna da cin fuska da komai. Hajo ta yi bayani iyakar iyawarta, cewa ba alama aka sauya ba, mutumin ne ya tashi, kuma ai tun farko don shi ake yi.

"Mu ba mu san shi ba," in ji Rabi'a. "Ko a hanya muka gamu ba mu gane shi. Ke muka sani."

"To ni ce na zo, Yaya."

"Ke ce kika ce ko wane ne."

Hajo ta buɗe baki za ta rantse, sai ta tuna har rantsuwar ta riga ta toshe da kanta. Ta tattara takardunta. Rabi'a ta raka ta har zaure, tana tambayarta lafiyar jikoki, kamar ba abin da ya faru.

Zaɓen shekarar nan ba rana ɗaya aka yi shi ba, Asabar bayan Asabar aka jera shi, kuma na Alhaji shi ne na uku. Asabar ta farko mata suka fito, layi guda har bayan makaranta, cikin mayafai, wasu rabonsu da ganin titi tun ranar da aka kawo su. Da aka ƙirga, akwatunan cikin gari garma ta yi gaba, amma na ƙauyuka sai ga tulu tana ta ɓullowa kamar an shuka ta. A tasha aka rasa gane kan abin. Jam'iyyar da ba ta da ko benci, ina ta samo mutane? Wasu suka ce maguɗi ne, wasu suka ce asiri Malam Lawwali ya yi. Shi kansa Malam Lawwali ya fi kowa mamaki, ya dinga yawo yana cewa manufa ce ta yi aiki. Manufar ina! Hajo kaɗai ta san yatsun, don da hannunta ta kama kowanne.

Ta sake bazama. Asabar ta biyu abin bai sauya ba sai kaɗan. Alhaji ya ware mata mota guda da direba, ta yi Bugaje da safe, Kusa da azahar, ta koma cikin gari da la'asar. Ta bi ta wajen mazaje, ta ce kowa ya gaya wa iyalinsa. Mazan suka gaya musu, har da tsawa, matan suka ce to. Amma ai Hajo ce ta koya musu tun farko cewa a bayan labulen rumfar zaɓe ba miji ba suruki, daga ke sai Allah sai yatsanki. Duk ƙofar da ta nufa sai ta tarar ita ta gina katangar, kuma gini ne mai kyau.

Ran Juma'ar ƙarshe, jajibirin zaɓen Alhaji, ta je Kusa gidan da aka haife ta, ta zauna gaban matan 'yan'uwanta ta yi kuka. Ba ta yi musu bayani ba, ta ce su taimake ta kawai. Waɗannan kam sun dangwala garma, don tausayi. Amma gida ɗaya ne.

Asabar ta uku aka wuni ana yayyafi. Hajo ta shiga bayan labule ta dangwala wa garma, ta fito ta kasa komawa gida, ta kasa tsayawa wuri ɗaya, ta yi ta kai da kawo tsakanin makaranta da tasha har ƙafafunta suka kumbura. Washegari da hantsi sakamako ya fito. Malam Lawwali ya ci, da ratar da ba ta kai yawan matan gida goma na Gangara ba.

Aka ɗora shi a kan akori-kurar haya aka zaga gari da shi, yana ɗaga hannu, fuskarsa kamar ta wanda aka tasa daga barci. Waɗanda suka yi masa dariya jiya su ne a gaba suna kirari. A tasha gardama ta juye, yanzu wai jam'iyya ce ke yin mutum, ba mutum ke yin jam'iyya ba, ga shi Alhaji da duk motocinsa ya bar tulu kuma tulu ba ta fashe ba. Masu wannan magana su ne dai masu waccan, Allah ya shirye su.

Hajo ta yi kwana biyu tana kewaye ƙofar Alhaji kafin ta iya shiga. Ta same shi a zaure shi kaɗai, ba ko ɗaya daga cikin masu cika masa shimfiɗa. Ta durƙusa ta ce ya yafe mata. Ya dube ta, ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ashe ke ce shugabar jam'iyya, Hajo, mu muna tasha muna ta ihu. Tashi, ba ki yi mini laifi ba. Ni na bar inda kika kai mini su."

Bai janye mata komai ba, kuma har ya bar duniya bai sake tayar da zancen ba. Ta wannan gefen ba ta yi asara ba.

Bayan kwana kaɗan aka kama azumi. Hajo ta ce bari ta koma sana'arta, siyasa ta ishe ta haka. Ta tsallaka Maraɗi ta zaɓo atamfofin Sallah masu kyau, ta fara zagaye. Ba gidan da aka hana ta shiga, ba wanda ya yi mata gori. Sai dai ta lura ciniki ya ƙara tsawo, ana juya kaya ana sake juyawa, ana cewa bari a ji ta bakin wance. Ta ce wa kanta azumi ne ke sa mutane nauyi.

Ranar goma sha biyu ga wata ta isa Gangara da rana tsaka. Rabi'a ta tarbe ta da fara'a, aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar rumfa, surukai suka kewaye. Ba wanda ya ambaci tulu ko garma. Hajo ta kwance ƙunshi, ta zaro wata atamfa mai ruwan ganye da ja, ta ce wannan don Yaya ta ɗauko ta, 'yar asali ce, ko shekara za a yi ana wanki ba ta zuba.

Rabi'a ta karɓa, ta shafa, ta yaba zanen. Sannan ta juya ta yi wa ƙaramar surukarta magana a hankali. Yarinyar ta tashi ta shiga madafa, ta dawo da ruwa a ƙwarya ta ajiye a tsakiyar tabarma. Azumi ake, ba mai kawo wa baƙo ruwan sha, kowa a wurin ya san na mene ne. A gefen ƙwaryar akwai guntun sabulu.

Rabi'a ta kama bakin atamfar ta tsoma, ta goga sabulu, ta cuɗa a hankali, ta matse. Matan suka sunkuyo suna kallon ruwan. Shekara shida Hajo na shiga gidan nan, ba a taɓa yi mata haka ba. Ta ji abin ya soke ta har ƙahon zuciya, ya fi ranar sakamako ciwo nesa ba kusa ba, amma ta san in ita ce Rabi'a haka za ta yi.

Ruwan ya fito fari tas, sai kumfa. Rabi'a ta gyaɗa kai, ta ce lalle mai kyau ce, za ta ɗauka. Sannan ta jawo ƙwaryar kusa da ita, ta miƙa hannu, ta ce wa Hajo ta miƙo atamfa ta biyu.